Yoyo Daban, Tsiyaya Daban

Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya a unguwannin da ke kewaye da makarantar nan ya san tsarin. Kowa da ɗakinsa da kwaɗonsa, amma rijiya ɗaya ce, ƙofar fita waje ma ɗaya. Kana da haƙƙin ɗibar ruwa, kana da haƙƙin fita titi, ba ka da haƙƙin leƙa ɗakin maƙwabci. Ranar da mai gida ya kasa tsare wannan, ranar 'yan haya za su fara neman wani gidan. Na kawo misalin ne saboda abin da nake so mu tattauna a wannan fitowar: yadda kamfanonin da ke sayar da intanet suke zaunar da kwastomomi da yawa a cikin na'ura ɗaya ba tare da sun ga juna ba, sannan su buɗe wa kowa ƙofa zuwa duniya. 'Yan sashen Akanta da na Gine-gine, don Allah kada ku juya shafi tukuna. Kuɗin makarantar da kuka biya a banki da sakamakon gwajin jinin da aka yi muku a asibiti, ta irin waɗannan hanyoyi suke yawo.

Bari mu fara daga tushe. Duk saƙon da ya bar wayarka yanka shi ake yi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin inda za shi. Na'urar da ke karɓar ƙunshin ta miƙa shi gaba ita ce rauta. Aikinta irin na ɗan kamasho ne a tasha: ka ce masa Funtuwa za ka, ya nuna maka mota. Shi a ka yake riƙe da saninsa, ita kuwa jadawali gare ta, jerin adireshi da ƙofar da za a bi zuwa kowanne. Abin da babu shi a jadawalin, a wurinta babu shi a duniya, ƙunshin da ya zo nemansa yar da shi take yi. In kuma hanyoyi biyu suka dace da adireshi ɗaya, wadda ta fi ƙayyade wuri take ɗauka. Tsakanin mai ce maka "Kano" da mai ce maka "Kano, Fagge, layi kaza", ai kwatancen na biyu za ka bi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Adireshin intanet na tsohon tsari, wato IPv4, bai fi biliyan 4.3 ba, mutanen duniya kuwa sun haura biliyan 8, wasu da waya biyu da kwamfuta. Babbar ma'ajiyar duniya ta raba ragowar abin da ke hannunta tun a watan Fabrairun 2011. Dabarar da ta ceci lamarin an tsara ta tun 1994, lokacin da aka ware rukuni uku na adireshi, masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168, aka ce kowa ya yi amfani da su a cikin gidansa amma kada ya fito da su titi. Shi ya sa asibiti yana da 192.168.1.0, banki yana da shi, kafen bakin get ma yana da shi. Ya zama kamar sunan Muhammad a ajinmu, a kira sau ɗaya mutum biyar su waiwayo.

To, ka ɗauka kai ne kamfanin sadarwa, kuma asibitin nan da bankin nan duk sun zo suna so ka haɗa musu rassansu. In ka zuba hanyoyinsu a jadawali ɗaya, rikici ya tashi. In ka ce kowa sai ka saya masa rautarsa a kowane gari, ka karye kafin ƙarshen shekara. Mafitar ita ce abin da ake kira VRF: rauta ɗaya, jadawali da yawa, kowace ƙofa a ɗaure da jadawali guda. Ƙunshin da ya shigo ta ƙofar asibiti, a jadawalin asibiti kaɗai za a nema masa hanya. Wasu injiniyoyi biyu, Eric Rosen da Yakov Rekhter, su suka rubuta tsarin yin haka a faɗin babban kamfani a 1999, a takardar da ake kira RFC 2547, aka sabunta ta a 2006 da RFC 4364. A tsarin, rautocin bakin iyaka, waɗanda ke fuskantar kwastoma, su ke riƙe da jadawalan. Sukan liƙa wa kowane ƙunshi alama biyu ta hanyar MPLS: ta waje tana nuna rautar da za a kai shi, ta ciki tana nuna jadawalin da zai sauka. Rautocin tsakiya ba su ma san wane ne kwastoman ba, alamar waje kawai suke karantawa, kamar direban tirela da ba ruwansa da abin da ke cikin buhu.

Ni a aji na fara jin sunayen nan, na haddace su don jarrabawa. Inda na ga amfaninsu shi ne aikin sanin makama na shekara ɗaya da muke yi tsakanin ND da HND, wanda na yi a wani ƙaramin kamfanin intanet. Watannin farko hawa hasumiya ne da jan kebul da riƙe tsani, har na yi baƙi ƙirin. Sai daga baya babban injiniyan wurin, wani dattijo marar yawan magana, ya fara barina in zauna kusa da shi. Abu na farko da ya tabbatar na gane shi ne bambancin wasu lambobi biyu da ɗalibai kan cakuɗa. Ta farko ita ce RD, lambar bambancewa. Ana manna ta a gaban adireshi don 192.168.1.0 na asibiti ya fita daban da na banki yayin da rautoci ke gaya wa juna hanyoyi ta BGP, yaren da suke musayar labarin hanya da shi. Aikinta kamar sunan uba ne, ta raba Muhammad da Muhammad, shi ke nan. Ta biyu ita ce RT, wadda ya ce in ɗauke ta a matsayin hatimi. Kowane jadawali yana buga hatiminsa a kan hanyoyin da yake fitarwa, kuma yana da jerin hatiman da ya yarda ya karɓa. Rassan asibiti suna buga hatimi ɗaya, suna karɓar shi ɗin, don haka suna ganin juna kuma ba sa ganin kowa.

Raba mutane ashe shi ne mai sauƙin. Wuyar tana zuwa ranar da kwastoma ya ce yana son intanet ta kan wannan layin, ko kamfani ya so ya riƙa duba lafiyar na'urorin kowa daga ofishi ɗaya, ko kwastomomi ashirin su buƙaci sabar waya guda. Dole a ɗauki hanya daga wani jadawalin a sa a wani, ko daga babban jadawalin kamfani inda hanyoyin intanet suke. A Turance sunan wannan aiki yana nufin yoyon hanya. Injiniya bai son sunan. Ya ce min, "Yoyo shi ne wanda mai ɗaki bai shirya masa ba. Mu tsiyaya muke yi, da moɗa, gwargwadon ƙishirwar mutum."

Wata Alhamis na ga abin da yake nufi. Wani asibiti mai zaman kansa, wanda muka daɗe da haɗa wa rassa, ya biya kuɗin intanet, kuma suna so a kunna a ranar saboda akwai takardun inshorar lafiya da za su tura kafin wa'adi ya cika. Manajansu ya kira ya fi sau biyar, na ƙarshe har muna jiyo muryarsa daga wayar. Muna da jadawalin tarayya, inda ƙofar intanet da sabobin kamfani suke. Wani ma'aikaci ya ce, "Oga, ai layi biyu ne. Mu karɓi hatiminsu, su karɓi namu, mu huta da kiran nan." Gaskiya ya faɗa, layi biyu ne, kuma wataƙila da intanet ɗin ya kawo nan take.

Injiniya bai ce masa komai ba. Ya buɗe jadawalin tarayya, ya juyo min da allon. "Ɗan Poli, karanta min layin nan." Na karanta: 192.168.1.0, na wani ƙaramin banki da aka daɗe da shigar da hanyarsa don a riƙa duba na'urorinsa. Ya buɗe jadawalin asibiti. "Wannan fa?" Shi ma 192.168.1.0. Ya ce, "To in duka biyun suka shigo ɗaki ɗaya, amsar da aka yi wa banki wa za a kai wa?" A cikin jadawali guda sunan uba ya faɗi, saura adireshi tsirara, kuma rauta ɗaya za ta zaɓa a cikin biyun. In ta zaɓi na asibiti, abin da aka nufi banki da shi ya tafi asibiti. Ba ƙararrawar da za ta buga. Sai dai can da daddare a ga na'urorin banki sun ɓace daga allon dubawa, a yi ta neman dalili.

Aikin ya ci kusan awa uku. Ya ware wa asibitin wani ɗan rukunin adireshi da babu mai irinsa, aka saita rautarsu ta riƙa musanya adireshin cikin gida da sabon kafin ƙunshi ya fito, abin da ake kira NAT. Ya rubuta matata da ta ce wannan ɗan rukunin kaɗai za a buga wa hatimin tarayya, sauran hanyoyin asibitin, har da ta sabar da ke riƙe da fayil ɗin marasa lafiya, su tsaya a gida. Ta ɗaya ɓangaren kuma hanya ɗaya tak ya tsiyaya musu, 0.0.0.0/0, wadda ma'anarta ita ce duk abin da ba ka san hanyarsa ba, miƙo shi nan. A nan na gane cewa tsiyaya kullum tafiya da dawowa ce. In ka ba kwastoma hanyar fita ba ka sanar da ƙofar intanet hanyar komawa gare shi ba, saƙo zai tafi, amsa ta ɓace.

Na tambaye shi, "Oga, me ya sa ba za a ba su hanyoyin intanet ɗin gaba ɗaya ba?" Ya ce in je in duba yawansu. Sun haura 900,000 a IPv4 kaɗai. Ka kwafa wannan a jadawalin kwastoma hamsin, rauta ta shaƙe. Abin ya taɓa faruwa a duniya ma: ranar 12 ga Agustan 2014, yawan hanyoyin ya ƙetare 512,000 da 'yan kai, adadin da wasu tsofaffin rautoci ke iya ɗauka a saitinsu na asali, sadarwa ta yi ta tangal-tangal a wurare da dama. Kwastoman da ƙofar fitarsa ɗaya ce, layi ɗaya ya ishe shi. Saboda irin wannan tsoron ne ma Injiniya yake sa wa kowane jadawali iyakar yawan hanyoyin da zai karɓa, don kuskuren kwastoma ɗaya kada ya kayar da na'urar kowa.

Akwai wani tarkon da ya fi waɗannan ɓuya. Hanyar da jadawalin tarayya ya karɓo daga banki ba ya sake buga mata hatimi ya miƙa wa asibiti, don haka in ka duba jadawalin asibiti ba za ka ga banki ba, hankalinka ya kwanta. Amma ka tuna ka ce wa asibiti duk abin da bai sani ba ya miƙo tarayya, ita kuwa tarayya ta san kowa. Ƙunshi zai iya zuwa zaure kamar mai shirin fita titi, ya juya ya shige ɗakin maƙwabci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan tsagar kuwa ba a ganin ta a takarda. Maganinta mai gadi ne a zauren, wato fayawol, da doka bayyananna: daga kwastoma zuwa intanet a wuce, daga kwastoma zuwa kwastoma a tsaya.

Da aka gama, ni aka ba gwaji. Na shiga ta ɓangaren asibiti na taɓo intanet, amsa ta dawo, na ce, "Oga, ya yi." Ya ce, "Rabi ya yi. Yanzu nemo min wani kwastoman." Ya ba ni jerin adireshin kwastomomin da ke fita ta zauren nan, na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne shiru. Sannan muka juya, daga wajensu muka nemi asibitin, nan ma shiru. Sai a lokacin ya ɗauki waya ya kira manajan. Mutumin bai yi godiya ba, cewa ya yi wani kamfanin da minti goma ya gama. Bai san abin da aka tsare masa ba, kuma ba lallai ya taɓa sani ba. Irin aikin ke nan: in ka yi shi daidai, ladanka shi ne ba abin da ya faru.

Masu ganin tsoron ya yi yawa su dubi abin da yoyo ya yi a tsakanin manyan kamfanoni. Can ba jadawalan cikin rauta ɗaya ba ne, amma cutar iri ɗaya ce, hanya ta fita inda bai kamata ta fita ba. A watan Fabrairun 2008 gwamnatin Pakistan ta sa a toshe YouTube a cikin ƙasar. Kamfanin Pakistan Telecom ya ƙirƙiri hanyar toshewa don amfanin gida, sai ta tsallaka zuwa wani kamfani a Hong Kong, daga can ta bazu. Da yake ta fi ta YouTube ƙayyade wuri, rautocin duniya suka bi ta, kamar yadda na ce ku riƙe ɗazu. Kusan awa biyu YouTube ya ɓace wa yawancin duniya. Mu ma nan gida an yi: ranar 12 ga Nuwamban 2018, kamfanin MainOne na Legas ya sanar da hanyoyin Google ga China Telecom bisa kuskuren saiti, zirga-zirgar da ta nufi Google ta karkata ta Rasha da Sin na tsawon sama da awa ɗaya, kamfanin kuma ya fito ya amsa cewa kuskure ne aka yi yayin wani gyara. A duka biyun, matata mai kyau a gefen mai bayarwa ko a gefen mai karɓa da ta tare abin.

Wani abin da ya kamata mu sani, musamman masu shirin zama ma'aikatan banki da asibiti waɗanda wata rana za su sa hannu a kwangilar irin wannan layi: VRF katanga ce, ba ta kulle saƙo. Tana hana maƙwabci ganinka, amma ƙunshin a buɗe yake tafiya a cikin na'urorin kamfani sai in kai ka kulle abinka tun daga gida. Ma'ana, sirrin kwastoma yana rataye ne a kan gaskiya da natsuwar wanda ke zaune gaban allo. Tun watan Yunin 2023 Najeriya take da dokar kare bayanan jama'a, amma doka bayan ɓarna take zuwa. Matar da sakamakon gwajinta ya faɗa hannun da bai dace ba, tarar da za a ci kamfani ba za ta mayar mata da sirrinta ba.

Abin da ya dame ni da na dawo makaranta shi ne yadda muke koyon fannin. A dakin gwaji, da zarar kwamfuta ta taɓo kwamfuta sai a yi tafi, a rubuta rahoto, a ba da maki. Ban taɓa ganin an ba wani maki don ya nuna cewa abin da bai kamata ya wuce ba bai wuce ba. Muna fita da sanin haɗawa, ba mu da sanin hanawa, alhali kamfani rabin abin da yake sayarwa hanawar ce. A farkon 2024 hukumar NBTE ta raba HND ta Kimiyyar Kwamfuta gida huɗu, har da fannin sadarwar kwamfutoci da na tsaron bayanai. Mataki ne mai kyau, sai dai sunan kwas ba ya koya wa hannu aiki. Ina roƙon malamanmu su sa gwajin da ake so ya faɗi a cikin kowane aikin aji, ina kuma roƙon ƙungiyar ɗalibai ta nema mana a riƙa barin ɗakin kwamfuta a buɗe bayan ƙarfe huɗu, ko da kwana biyu ne a mako.

Kafin a amsa roƙon, ba sai mun zauna jira ba. Ba a buƙatar rautar miliyoyin naira. Linux yana da VRF tun 2015, FRRouting kyauta ne kuma yana jin BGP, GNS3 ma kyauta ne, laftof mai ɗan ƙarfi zai ɗauke su. Ku haɗu ku uku ko huɗu. Ku gina kwastoma biyu masu adireshi iri ɗaya da jadawalin tarayya guda. Ku ba kowannensu hanyar fita, ku tabbatar amsa tana dawowa. Sannan ɗayanku ya zauna a matsayin maƙwabcin banza, ya yi duk dabarar da ya iya don ya leƙa ɗakin ɗayan. In ya shiga, ku nemo tsagar ku toshe, ya sake gwadawa. Duk hanyar da za ku tsiyaya, ku rubuta a takarda tukuna: wa ya buƙace ta, wa zai gan ta, wa bai kamata ya gan ta ba. Wanda ya saba da tambayoyin nan uku tun yana ɗalibi, ranar da manaja ke ihu a waya kuma wani na gefe yana cewa ai layi biyu ne, zai iya cewa a dakata.